Toots Hibbert: Muryar Coci a Kan Kiɗan Ska

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Kwanan baya na ci karo da waƙoƙin wani mawaƙin Jamaika da ake kira Toots Hibbert, sai abin ya ɗaure mini kai. Ni dai abin da na sani na Jamaika shi ne rege irin na Bob Marley, mai tafiya a hankali. Wannan kuwa kiɗansa na farko da gudu yake tafiya, muryarsa kamar ta baƙaƙen fatar Amurka masu waƙar sol, wani lokacin kuma sai ka rantse a coci ake. Shin kwaikwayon Amurkawa ya yi, ko kuwa abin nasu ne na gida? Kuma da wace waƙa ya kamata in fara?"

Barka kadai, ɗan'uwa, kuma na gode da wannan tambaya. Kunnenka bai yaudare ka ba, domin abubuwa ukun da ka lissafa duk suna cikin waƙar wannan bawan Allah. Kiɗan mai gudu shi ne ska, wanda ya riga rege zuwa duniya. Muryar mai ƙarfi da ɗan gurnani ita ce ta sa ake haɗa shi da mawaƙan sol. Yanayin cocin kuwa daga waƙoƙin bishara ya fito. Abin da kake son sani, in na fahimce ka, shi ne wanne ne tushe a cikin ukun, wanne ne kuma aro. Na yi shekaru ina gabatar da shirin kiɗan ƙasashen waje a rediyo, ina kuma taɓa jita, kuma ra'ayin da na tsaya a kai bayan dogon sauraro shi ne cewa coci ce tushen. Sol ɗan'uwa ne da suka haɗa kaka da waƙar Toots, ska kuma dokin da ya tarar a ɗaure lokacin da ya shigo birni, ya hau.

Gidan da ya tashi

An haifi Frederick Nathaniel Hibbert ranar 8 ga Disamba, 1942, a garin May Pen da ke gundumar Clarendon, kuma shi ne auta a gidansu. Iyayensa masu wa'azi ne a ɗariƙar Kirista ta Seventh-day Adventist, wato masu kiyaye ranar Asabar, don haka tun yana ƙarami yake rera waƙa a cikin mawaƙan coci. Ya rasa mahaifiyarsa da mahaifinsa tun bai balaga ba. Da ya zama saurayi sai ya nufi Kingston, ya zauna a unguwar Trench Town, ya sami aiki a shagon aski. A can ne ya haɗu da Henry "Raleigh" Gordon da Nathaniel "Jerry" Matthias, su ukun suka kafa ƙungiyar Maytals a farkon shekarun 1960.

Sai dai idan aka ce "coci" a ƙauyukan Jamaika na wancan zamani, ba a tsaya ga ginin da mutum yake zuwa ibada kaɗai ba. Akwai waƙoƙin littafi irin na Turawan mishan, musamman waɗanda Ira Sankey ya tattara, har ma mutanen tsibirin sukan kira irin waɗannan waƙoƙi da sunansa. Akwai kuma ɗariƙun farfaɗowa, Revival Zion da Pocomania, waɗanda suka yi ƙarfi bayan babbar farfaɗowar addini ta 1860 zuwa 1861. Su waɗannan sun haɗa Kiristanci da abin da bayi suka riƙe na Afirka: ganga, tafi, zagayawa ana buga ƙafa, da wani irin numfashi mai nishi da ake saukewa daidai da bugun kiɗa har wasu su fita hayyacinsu. Yaron da ya tashi a Clarendon ba ya bukatar zama ɗan ɗariƙar kafin wannan sauti ya shiga kunnensa, tunda a fili ake yinsa, da dare, a tsakar gida da bakin hanya. Masana kiɗan Jamaika da dama sun nuna wannan tasiri a muryar Toots, ni ma kuma ina jinsa, musamman a inda yakan bar kalma ya koma nishi da ihu gajere-gajere, yana mayar da numfashinsa wani abin kiɗa.

Me ya sa yake kama da mawaƙan sol

A nan ne ainihin tambayarka take. Kiɗan sol kansa daga coci ya fito. Ray Charles ya ɗauki karin waƙar bishara ya ɗora masa kalaman soyayya a 1954, abin da ya jawo masa fushin wasu masu ibada. Sam Cooke jagoran ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers ne kafin ya koma waƙar duniya a 1957. Otis Redding ma a cocin Baptis na jihar Jojiya ya koyi waƙa. Ita kuwa dangantakar cocin baƙaƙen Amurka da na Jamaika tsohuwa ce ƙwarai, domin a farkon shekarun 1780 wani baƙar fata mai wa'azi da aka 'yanta, George Liele, ya taso daga Jojiya ya zo Kingston ya kafa cocin Baptis a tsakanin bayi, shekara hamsin kafin a soke bauta a tsibirin a 1834. Saboda haka idan ka ji Toots da Otis sun yi kama, kamar ka ga 'ya'yan wa da ƙani ne da aka raba su tun suna yara, ɗaya a Jojiya ɗaya a Clarendon, amma tafiyarsu da dariyarsu iri ɗaya.

Ba ina nufin bai saurari Amurkawa ba. Ya saurare su sosai, kuma shi da kansa ya sha ambaton Ray Charles da Otis Redding da Mahalia Jackson cikin waɗanda yake ƙauna. Matasan Kingston na lokacin duk sun tashi da kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka, wato R&B da suke kamawa a rediyo da dare daga New Orleans da Miami, da wanda masu manyan lasifika suke sawa a wuraren rawa. Amma ka duba shekarun. Faifan Maytals na farko sun fito ne a 1962 da 1963, alhali Otis Redding bai zama gagarabadau ba sai wajen 1965. Duk wanda ya saurari waɗancan faifai na farko zai ji cewa muryar ta riga ta nuna, da gurnaninta da ihunta, tun kafin Otis ya yi sunan da za a ce shi aka kwaikwaya. Abin da ya ƙaru daga baya, wanda kuma nake ganin aro ne na gaskiya daga sol, shi ne dabarar riƙe murya: yadda zai ja kalma ɗaya ya lanƙwasa ta, yadda zai sassauta kafin ya fashe, da yadda yake tsayar da makaɗa cak a tsakiyar waƙa ya yi magana da jama'a kafin a ci gaba.

Kwatanci da takwarorinsa zai ƙara fito da wannan fili. Ƙungiyoyin mutum uku-uku sun cika Kingston a lokacin, kuma mafi yawansu, har da Wailers na Bob Marley a farkonsu, sun ɗauki salon ƙungiyar Impressions ta Curtis Mayfield ne, wato muryoyi masu laushi da suke narkewa cikin juna kamar man shanu a tuwo mai zafi. Maytals ba haka suke ba. Toots yana jefa baiti, Raleigh da Jerry suna cafewa su mayar masa, da murya a buɗe, ba tare da an goge mata kaushi ba. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan tsari, domin shi ne jagora da 'yan amshi, irin wanda muka sani a wurin Mamman Shata da makaɗan fada. Ban ce daga ƙasar Hausa ya tafi can ba. Tsari ne da ya game Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma bayi suka tsallaka teku da shi. Na kawo misalin ne don ka san abin da za ka kasa kunne ka ji. Kamar yadda amshi yake ba Shata damar numfasawa ya ƙirƙiro baiti na gaba nan take, haka amshin Raleigh da Jerry yake riƙe waƙar a tsaye, Toots kuma ya sami sarari ya yi yawo a samanta yadda ya ga dama.

Dokin da ya hau

Ska ya taso ne a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, ya kuma yi tashe daidai lokacin da Jamaika ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Agusta, 1962. Masu manyan lasifika irin su Clement "Coxsone" Dodd da Duke Reid sun dogara ne da faifan R&B da suke sayowa daga Amurka, suna kankare sunan da ke jiki don kada abokin gasa ya gane. Da irin wannan kiɗa ya fara ƙaranci a kasuwar Amurka, sai suka koma ɗaukar nasu a gida. Makaɗan da suka ɗauka haya ƙwararrun 'yan jaz ne, da yawansu kuma, kamar Tommy McCook da Don Drummond, sun koyi busa ne a makarantar Alpha Boys da 'yan zuhudu mata na Katolika suke gudanarwa a Kingston. Su ne suka zama ƙungiyar Skatalites a 1964. Suka haɗa tafiyar R&B da ɗanɗanon mento, kiɗan gargajiyar tsibirin, sai wani sabon abu ya fito.

Ga yadda za ka gane ska da jikinka. Ka zauna ka riƙa buga ƙafa a ƙasa kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yawancin kiɗan da muka saba da shi yana sauka ne lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa. A ska kuwa, jita da fiyano da kayan busa suna sara ne lokacin da ƙafar take sama, a tsakanin ƙirga da ƙirga, gajeren sara mai kaifi da ake katsewa nan da nan. Idan ina koya wa matasa wannan a jita, nakan sa su ɗaga hannun dama su kaɗa tsirkiya daga ƙasa zuwa sama, sannan su sassauta yatsun hagu da sauri don sautin ya mutu. Kusan kowa yakan yi daidai na ɗan lokaci, sai ka ga hannunsa ya zame ya koma kan ƙirga ba tare da ya sani ba, saboda jiki yana son sauka inda ƙafa ta sauka.

To, ga abin da ya sa wannan kiɗa ya dace da Toots kamar an auna shi da shi. A cocin baƙaƙen fata, na Amurka da na Jamaika, tafi ba ya sauka tare da ƙafa; ƙafa ta buga, hannu ya amsa. Wato gurbin da saran jitar ska yake cikewa, gurbi ne da tafin masu ibada ya saba cikewa. Na taɓa gwada wannan da wasu abokan kiɗa: muka ɗauki ɗaya daga waƙoƙin Maytals na farko, muka ajiye jita da ganga, muka rera ta da tafi kawai, mutum ɗaya yana ja saura suna amsawa. Ba mu canza komai a karin ba, amma wani Kirista da ke cikinmu ya ce in da ya ji mu daga waje, da cewa zai yi taron addu'a ake. Tun ranar na daina kallon waƙar Toots a matsayin abu uku da aka cuɗa.

Faifan da Maytals suka yi wa Coxsone a situdiyonsa mai suna Studio One sun tabbatar da haka ko ta fuskar jigo. "Hallelujah" da "Six and Seven Books of Moses" waƙoƙin addini ne tsantsa da aka ɗora a kan kiɗan rawa, ta biyun ma tana jero sunayen littattafan Tsohon Alkawari ne. Sunanta kuma yana da wani ɗan sirri da ɗan Jamaika zai gane nan take, domin littattafan Annabi Musa biyar ne a Littafi Mai Tsarki, na shida da na bakwai kuwa sunan wani littafin tsibbu ne da aka buga a Jamus a ƙarni na 19, wanda ya yi suna a tsakanin masu sihiri a tsibirin. Wannan ya nuna maka irin addinin da ke cikin waƙar: na talakan ƙauye ne, inda wa'azi da tsoron asiri suke zaune a gida ɗaya. An tattara waƙoƙin wannan zamani a kundin "Never Grow Old" na 1964. Daga nan suka koma wurin Prince Buster, sannan Byron Lee, wanda a hannunsa suka ci gasar waƙa ta bikin 'yancin kai karo na farko da aka yi ta, a 1966, da waƙar "Bam Bam".

Kurkuku, da abin da ya biyo baya

A wannan shekara ta 1966 aka kama Toots da laifin mallakar wiwi aka ɗaure shi, shi kuwa har ya bar duniya yana cewa sharri aka ƙulla masa. Yana tsare ne kiɗan Jamaika ya rage gudu ya koma rokstedi, salon da ya fi dacewa da masu murya mai laushi. Da ya fito sai suka koma wurin furodusa Leslie Kong na kamfanin Beverley's, kuma a ganina tsakanin 1968 da rasuwar Kong a 1971 ne Toots ya yi aikin da ya fi kowanne. "54-46 That's My Number" labarin kamunsa ce, kuma a cikinta za ka ji mai wa'azi sosai: yana ba da umarni, ana amsa masa, yana tsayar da kiɗa, yana sake tayar da shi. "Do the Reggay" ta 1968 ita ce ake ɗauka waƙa ta farko da ta sa kalmar rege a sunanta. "Pressure Drop" gargaɗi ce ga azzalumi cewa abin da ya shuka zai faɗo masa a ka, abin da mu muke cewa alhaki kwikwiyo ne. "Sweet and Dandy", wadda ta ci gasar 1969, hoton bikin aure ne a ƙauye, amarya da ango duk sun tsorata, dangi suna lallashinsu. Ina son wannan waƙa ƙwarai, saboda mutum ne da ya san ƙauye yake ba da labarin mutanensa cikin ƙauna, ba tare da ya yi musu dariya ba.

Rage gudun kiɗan ya amfane shi. A ska mai sauri mawaƙi ba shi da wurin jan kalma, dole ya jefa ta ya wuce. Da rege ya buɗe fili tsakanin bugu da bugu, jitar bes ta Jackie Jackson tana tafe a ƙasa, ta Hux Brown tana tsinke a sama, sai ɓangaren sol na muryarsa ya sami wurin miƙe ƙafa. Shi ya sa wanda ya fara da waƙoƙinsa na shekarun 1970 yakan ce ɗan sol ne, wanda kuma ya fara da na 1963 yakan ce ɗan coci ne.

Duniya ta san shi ne ta fim ɗin "The Harder They Come" na 1972, wanda Jimmy Cliff ya fito a ciki, inda aka nuna Maytals suna ɗaukar waƙa a situdiyo, kuma waƙoƙinsu biyu suka shiga kundin fim ɗin. Chris Blackwell na kamfanin Island ya ɗauke su, sunan ya koma Toots and the Maytals, aka fitar da kundin "Funky Kingston", sannan "Reggae Got Soul" (wato rege yana da sol) a 1976, wanda sunansa kaɗai amsa ce ga tambayarka. A 1988 ya tafi birnin Memphis, cibiyar sol ta kudancin Amurka, tare da makaɗan Jamaika Sly Dunbar da Robbie Shakespeare, ya rera waƙoƙin Otis Redding da Al Green da wasunsu a kundin "Toots in Memphis". Wasu suna kafa hujja da wannan kundi cewa ai ga shi nan, almajirin Otis ne. Ni akasin haka nake ji a cikinsa. Mai kwaikwayo idan ya rera waƙar ubangidansa yakan bi sawunsa ƙafa da ƙafa, Toots kuwa yana karya jimlolin a inda Otis bai karya ba, yana jinkirta kalma ta faɗa bayan bugu irin na Jamaika, lafazinsa kuma na Clarendon ne bai ɓoye shi ba.

Ya kamata in faɗi iyakar abin da hukuncina ya dogara a kai. Ni mai sauraro ne daga nesa, ta faifai da rediyo na san wannan kiɗa, ban tashi cikin cocin Jamaika ba, kuma akwai masana da suke ba tasirin Amurka nauyi fiye da yadda na ba shi. Hujjarsu tana da ƙarfi idan ana maganar waƙoƙinsa masu sanyi na soyayya, irin "Daddy" da ya yi a zamanin Byron Lee, wadda tsarinta na R&B ne daga farko har ƙarshe. A irin waɗannan na yarda aro ya fi yawa. Amma ba su ne suka bambanta shi da sauran mawaƙan Kingston ba.

Ya ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, da kundin "True Love" na 2004, ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta Order of Jamaica a 2012. A 2013 wani matashi ya jefe shi da kwalba a ka yana kan dandamali a Richmond ta jihar Virginia, raunin da ya hana shi wasa har kusan shekara uku, amma duk da haka ya rubuta wa alƙali yana roƙon a yi wa yaron sassauci. Ya rasu a Kingston ranar 11 ga Satumba, 2020, yana da shekara 77, bayan ya kamu da cutar korona, makonni kaɗan da fitowar kundinsa na ƙarshe, "Got to Be Tough", wanda shi ma ya ci Grammy bayan rasuwarsa.

Ta inda za ka fara

Shawarata ita ce kada ka fara da kundin da aka tara fitattun waƙoƙinsa a hargitse, domin zai ɓoye maka yadda abin ya girma. Ka bi shekaru. Ka fara da "Six and Seven Books of Moses", kuma a sauraron farko ka manta da Toots gaba ɗaya, ka bi amshin Raleigh da Jerry kawai, kana tafi a inda jita take sara. Sautin faifan tsoho ne, kayan busa suna ɗan danne muryoyi, amma kada wannan ya kore ka. Daga nan ka wuce "Bam Bam", sannan "54-46 That's My Number", inda za ka lura da wuraren da kiɗa yake tsayawa a bar murya ita kaɗai. Bayan su ka saurari "Pressure Drop", ka kula da yadda waƙar take buɗewa da gunjin muryoyi uku babu kalma ko ɗaya, kamar masu ibada da suke shirin fara addu'a. A ƙarshe ka nemi "I've Got Dreams to Remember" ta Otis Redding, ka saurare ta, nan take kuma ka sa wadda Toots ya rera a Memphis. A rediyo haka nakan jera su a bayan juna ba tare da na yi magana a tsakani ba, kuma in kana da lasifikar kunne ka yi amfani da ita, domin ƙaramar lasifikar waya tana cinye jitar bes, ita kuwa a wannan kiɗa rabin waƙar ce.